Rana a Cikin Faranti

Ƙaramar ƙara ce. Finjalin shayi aka dire a kan tire da ƙarfin da ya ɗan wuce na kullum, ya ce ƙwal, cokalin da ke gefensa ya amsa masa. Da a wani gida ne babu mai waiwayawa. Amma ni na yi shekara ashirin da ɗoriya ina kai wa Alhaji shayi. Na san yadda yake ajiye finjali idan ransa fari ne, na kuma san wannan.

Alhaji wan maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun rasuwar mahaifinsu shi ne babba a gidan. Yana da shago a kasuwar Gure, yana da 'yan shanu a Alakos a hannun wani makiyayi. Kusan kowace la'asar sai ya biyo ta gidanmu su zauna da ƙanensa a zaure. Maigidana, wanda nake kira Malam, mutumin garka ne. Wuninsa a kwari yake yi tsakanin dabino da rogo, magana ba ta dame shi ba, gaban wansa kuwa sai ta ƙara ƙaranci.

Ran nan zancen 'yarmu ta fari ya taso. Ta gama digirin farko na jami'a a Yamai, malamanta sun riƙe ta ta ci gaba. Alhaji ya tambayi ƙanensa, wai takamaimai mene ne take karantawa, don mutane na tambayarsa a kasuwa yana jin kunyar cewa bai sani ba. Malam ya kama sunan abin da Faransanci, harshensa ya sarƙe, ya sake kamawa ya sake sarƙewa. Sai ya ɗaga murya ya ce in zo, ni da na yi lakwal na ɗan taɓa boko, in fassara musu. Na tsaya a bakin ƙofar zaure da butar zagaye na biyu a hannu. Kalmar ita ce astrofizik. Na juya ta a kaina, na nemi 'yar'uwarta a Hausa, abin da ya fara zuwa bakina na faɗa. Na ce ilimin taurari ne.

Sai finjali ya ce ƙwal.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya dubi ƙanensa ya ce masa wani abu da Barbarci, harshen mahaifiyarsu, wanda ba ya komawa gare shi sai abu ya kai masa wuya. Ina jin Barbarci daidai gwargwado. Cewa ya yi, ashe mun tura yarinya nisan duniya ta koyo duba.

A garinmu idan aka ce wane ya san taurari, an san abin da ake nufi. Shi ne wanda ake kai wa sunan saurayi da na budurwa ya ce taurarinsu sun haɗu ko ba su haɗu ba, shi ne mai zaɓar wa mutum ranar tafiya, mai share rairayi ya zana. Kuma duk wanda ya taɓa zama wurin wa'azi ya ji abin da ake cewa kan mai zuwa gun irin waɗannan, balle mai koyon aikin. Na buɗe baki in gyara, na ce ba irin wancan ba ne, wannan na rana ne da yadda take ƙuna. Alhaji ya ce, ranar ma ai da ita suke dubawa. Ya sa takalmi ya fita, shayinsa na biyu ya huce a buta.

A nan sai in faɗi wani abu don wanda bai tashi a irin gidajenmu ba. 'Yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba. Tun tana jaririya ba na ɗaukarta gaban surukai, ba na yabonta, in ta faɗi wani ke ɗaga ta ina kallon gefe. Haka na ga uwata ta yi da yayana, haka na yi. Ba don ba na sonta ba, Allah shaida. Alkunya ce, kuma alkunya tana da nauyi irin na tulu: wanda ya ɗauka ya san ruwan da ke ciki, mai kallo tulu kawai yake gani. Da ɗaya daga cikin ƙannenta ne, da na tsaya na yi bayani har magariba. Amma uwa ta tsaya gaban wan mijinta tana kare 'yar fari, wannan sai a ce ta zubar da girmanta, a kuma ce son kai ya rufe mata ido.

Ga shi kuma ilimina bai kai ba. Na yi kwaleji har ajin ƙarshe, jarrabawar birebe ba ta ba ni hannu ba, na dawo gida. Abin da na riƙe na sama shi ne wata rana da mushenmu, wato malaminmu, ya rufe tagogin aji, ya kunna fitila, ya soke lemu da kara yana juya shi, ya ce fitilar rana ce, lemun kuma mu ne. Na tuna an yi dariya, na tuna ƙamshin lemun da ya ɓare bayan darasi ya cinye shi kaɗai. Da wannan lemun zan tari Alhaji?

Da abin ya tsaya a zaure da ya yi sauƙi. Autarmu ce ta fitar da shi waje, ba da nufi ba. Lokacin tana da shekara shida, baki gare ta kamar reza, kuma ba ta da gwani a duniya sai yayarta. Duk sanda yayar ta kira waya sai ta fizge salular daga hannuna. Wata rana ta tambaye ta, wai me take yi da safe idan ta tashi. Yayar ta ce mata tana hawa saman bene ta duba rana. Shi ke nan. Washegari duk yaran layinmu sun ji cewa yayar Auta duba take yi a Yamai, kuma a saman bene.

Ba a yi mako ba maƙwabciyata ta bayan gida ta shigo da goro ƙulle a gefen mayafi. Mace ce mai kirki, tare muka yi goyon 'ya'yanmu. Ta zauna, muka gaisa, ta tambayi ruwa, ta tambayi zafi, sannan ta rage murya. Wai akwai wani yaro ɗan Bune da ke neman 'yarta, hankalinta bai kwanta da shi ba, ko yarinyar nan ta Yamai za ta ɗan duba mata, tunda abin na gida ne ba sai an je wa bare ba. Na ce mata wallahi ba wannan take karanta ba. Ta yi murmushi irin na wadda ta gane ana ɓoye mata, ta ce ai ta sani, irin wannan ba a tallarsa. Ta ajiye goron ta fita. Na aika Auta ta mayar mata, ta sake aiko shi. Goron nan ya yi zirga-zirga tsakanin gidajenmu har ya bushe.

Labarin goron ya kai kasuwa, daga kasuwa ya kai kunnen Alhaji. A ranar ya yanke magana. Ya ce idan yarinyar ta zo hutun babbar sallah, ta zo ke nan. In karatu take so ta koma Damagaram ta koyi aikin ungozoma ko koyarwa, abin da zai amfani mutane ya kuma bar ta da imaninta. Malam ya shigo ya faɗa mini yana kallon ƙafafunsa.

Ba na son a ɗauki Alhaji mugun mutum. Shi ya saya mata kayenta na farko, littafin da ta fara rubutu a ciki. Shi ya raka ta Damagaram da ta ci jarrabawar shiga lise, babbar sakandare, ya damƙa ta a hannun ƙanwarsa, ya dawo yana ba da labarin yadda ta karanta masa duk allunan da ke bakin hanya. Ranar da ta ci bak, jarrabawar fita lise, ya yanka akuya. Tsoro ne ya kama shi, tsoron ranar da za a tambaye shi 'yar ƙanensa da aka bar masa amana. Kuma in faɗi gaskiya, tsoron nan ya ɗan shige ni ni ma. Na san 'yata, amma 'yar da na sani ta bar gida da daɗewa, tana zuwa tana komawa kamar baƙuwa. Idan na yi sujada sai in tsinci kaina ina roƙon abu biyu da ba su jitu ba: Allah Ya bar mata karatunta, Allah kuma Ya raba ta da shi in akwai halaka a cikinsa.

Na kira ta. Ban iya faɗa mata kai tsaye ba, tsakanina da ita magana ba ta saba tafiya a miƙe ba. Na tambayi abinci, na tambayi sauro, sannan na ce, tana dai yin sallah a kan lokaci ko?

Ta yi dariya. "Inna, aikina fa ke nan, sanin inda rana take. Wa zai riga ni sanin azahar ta yi?"

Na ce to madalla. Can ta ce ƙanenta ya riga ya gaya mata komai, kada in damu, za ta zo da kayan aikinta. Malaminta ya ce ta riƙa zana rana kowace safiya ko tana hutu, don aikin ba ya son a tsallake. Ta ce in dai Baba Alhaji zai yarda ya zauna ya gani.

Nan gizo ke saƙa. Alhaji ya riga ya ce ba zai zauna inda ake wannan aiki ba. Malam ya gwada masa sau ɗaya, aka ce masa ya yi shiru, ya yi. Na kwana biyu ina juya abin. Rana ta uku na kai shayi zaure, na durƙusa ina tattara finjalai, ban ɗaga kai ba, ban kuma ambaci kowa ba.

"Alhaji, na ji Malam na cewa ba ka taɓa sayen bijimi ba sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙora."

Ya ce haka ne.

"Ba ka kuma taɓa mayar da shi ba sai ka gani."

Ban jira amsa ba, na ɗauki tire na shige. A tsawon zamana a gidan nan ban taɓa kusantar bakin alkunya kamar ranar ba. Daga baya Malam ya ce mini wansa cewa ya yi, matar nan taka tana da wayo, ka ce wa yarinyar zan zo in ga haƙoran.

Ta iso ana saura kwana uku sallah, a motar Damagaram, ta rame kamar kullum, da jakarta da wani dogon akwati da ba ta yarda ɗan tasha ya taɓa ba. Na ce mata sannu da hanya daga inda nake tsaye, na juya na hau zuba mata abinci. Auta kuwa ta maƙale mata kamar kaska. Hidimar sallah ba ta bar ta ta buɗe akwatin ba.

Kwana biyu bayan sallah, da hantsi, tsakar gida na ƙamshin suya, Alhaji ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar katanga, Malam ya zauna a gefensa. Na ga idonsa na bin abin da take fitarwa daga akwatin, kuma na san abin da yake nema. Babu tiren rairayi, babu wuri, babu ƙwarya. Wani farin bututu ne, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, da gilashi a kowane baki, ta ɗora shi a kan ƙafafu uku na ƙarfe. Sai farar takarda da aka zana da'ira a tsakiyarta, da kireyo, wato fensir.

Kafin ta yi komai ta tara mu ta ce akwai doka ɗaya. Kada kowa ya sa idonsa a bututun nan, kada kuma kowa ya ɗaga kai ya kalli rana. Don mu yarda, ta saita bututun, ta ɗauki busasshen ganyen kaba ta riƙe a ƙaramin bakin. Kafin a ce kwabo hayaƙi ya tashi, ganyen ya huje. Ta ce haka zai yi wa ido. Alhaji ya ɗan ja baya a kan tabarma. Auta ta naɗa kanta dogari nan take, ta tsaya gefen ƙafafun ƙarfen tana ce wa kaji ma ba a kallo.

Sai aka samu matsala. Takardar za a riƙe a bayan bututun hasken ya sauka a kanta, ga iska tana kaɗa ta. Ta ce ana son abu mai faɗi mai tauri. Na shiga ɗaki na buɗe kabad, na ciro farin farantin tangaran na cikin kayan aurena, wanda ba a cin abinci a cikinsa sai an yi baƙo na musamman. Ta manna takardar a kai. Ta duba hagu ta duba dama ta rasa mai riƙewa, don ita tana saiti, Auta kuma hannunta ba ya tsayawa. Ba ta ce Inna ki riƙe ba. Ni ma ban ce kawo ba. Na dai miƙa hannu.

Ta ce in ɗan matsa baya, in ɗan karkata. Wani farin haske ya faɗo a kan takardar, da fari kamar hazo, ta murɗa wani abu, sai gefensa ya fito tsaf. Da'ira ce cikakkiya, fara tas a tsakiya, ta ɗan dushe wajen baki. Ta ce ga ta nan.

Rana ce a cikin farantina. Wadda ta ƙone mini bayan wuya tun ina yarinya a hanyar rijiya, wadda nake shanya kuɓewa da tsaki a gabanta, wadda ban taɓa iya haɗa ido da ita ba. Ga ta a hannuna, girmanta bai wuce waina babba ba, kuma ba zafi. Na ce subhanallahi a zuci. Tana ta zamewa a hankali zuwa gefen farantin, yarinyar tana taɓa bututun tana dawo da ita. Malam ya tambayi dalili, ta ce ba ranar ce ke gudu ba, mu ne ke juyawa. Sai ga ƙamshin lemun mushe ya dawo mini, bayan shekaru.

A fuskar ranar akwai baƙaƙen ɗigo. Ɗaya babba kusa da tsakiya, da ɗan duhu-duhu kewaye da shi, da wani ƙarami can gefe kamar ƙwayar riɗi. Na ɗauka datti ne a takardar, na kai yatsa zan share, sai ɗigon ya hau kan yatsana. Alhaji ya taso ya sunkuya, hularsa ta kusa taɓa farantin.

"Wannan baƙin mene ne?"

Ta ce tabo ne a jikin rana, wurin da ya ɗan fi sauran jikinta sanyi, shi ya sa yake fitowa baƙi, ko da yake shi ma wuta ce da ba ta misaltuwa. Ta ce babban nan zai iya haɗiye duniyarmu.

"Na ji. Me yake nufi?"

"Abin da yake nufi ke nan, Baba. Wurin ya fi sanyi."

"A'a. Gare mu. Fari ne? Ko wani babba zai rasu?"

"Ban sani ba, Baba. Rana ba ta faɗin wannan."

Ya koma ya zauna, ya gyara babbar riga, ya sauya murya ya yi laushi kamar yana cinikin da yake so ya faɗa. Na san tarko ne, Malam ma ya sani. Ya ce ta san shanunsa na Alakos. Makiyayin ya aiko cewa ciyawa ta yi ƙaranci. Shi kuwa yana tsaka mai wuya, ya sayar yanzu ko ya jira damina. Tunda ga rana a faranti, ta ɗan leƙa masa, ba wanda zai ji.

Ta ce da za ta iya da ta faɗa masa, amma ba ta san komai kan shanunsa ba, ba ta kuma san damina ba. Ta ce makiyayin ya fi ta sani nesa ba kusa ba, Allah kuma Ya fi su duka. Abin da suke nema su, shi ne yadda tabban nan ke yawaita su ragu a kusan kowace shekara goma sha ɗaya, da yadda wani lokaci wuta ke tartsatsi daga wurinsu har ta dami rediyo da na'urorin da ke sama. Sai kuma ta ƙara abin da na so a ce ba ta ƙara ba. Ta ce abu ɗaya take iya faɗa masa: gobe war haka, in Allah Ya kai mu, babban tabon nan zai matsa gefe kamar faɗin yatsa, ƙaramin ma zai bi shi.

Fuskar Alhaji ta ɗaure. "To ai ga shi nan. Kin faɗi gobe."

"Baba, motar da ta tashi daga Damagaram da asuba, ka san inda za ta kai da hantsi?"

"In ba ta lalace ba."

"Ni ma haka. Rana juyawa take yi, an auna tafiyarta. In ba ta lalace ba."

Malam ya yi tari don ya ɓoye dariya. Alhaji bai yi dariya ba. Ya karɓi kireyon daga hannunta, ya ce shi zai sa alama da kansa. Ya ɗiga a kan babban, ya ɗiga a kan ƙaramin, ya cire takardar daga farantina ya naɗe ya sa a aljihu. Ya ce gobe.

Wunin nan ban san me na dafa ba. Ita kuwa ta zauna tana yi wa Auta kitso kamar ba ita ake shari'a a kanta ba. Na so in ce mata me ya kai ta faɗin gobe, bayan ta riga ta haye. Na wuce ta sau da yawa da maganar a bakina, ƙarshe abin da na ce shi ne kitson ya yi tsauri, ta sassauta wa yarinya.

Washegari Alhaji ya riga lokaci zuwa. Aka kafa bututu, aka manna takardarsa, na riƙe faranti. Ta daidaita da'irar a kan ta jiya. Babban tabon ya bar ɗigon kireyo, ya matsa gefe. Alhaji ya ɗora yatsarsa tsakanin su biyu, ta cike gurbin daidai. Ban san ko cikar maganar za ta wanke ta ko za ta ƙara kama ta ba. Idonsa ya koma kan ɗigo na biyu. Ya duba gefensa, ya duba sama da ƙasa.

"Ina ƙaramin?"

Ta sunkuya, ta murɗa saiti, ta sake dubawa. "Ya ɓace, Baba."

"Jiya kin ce zai bi babban."

"Na ce. Ban yi daidai ba."

"Ba ki san zai ɓace ba?"

"Ban sani ba. Ni na ɗauka girma ma zai yi."

"Malaman naki fa?"

"Su ma ba kullum suke sani ba. Shi ya sa muke zanawa kowace safiya, mu da wasu a ƙasashe da yawa, ko a hankali a gane."

Ta faɗi haka fuskarta a sake, har da ɗan murna, ta jawo kireyo tana rubuta wani abu a gefen takardar. Na ce a raina shi ke nan, ta ba da kanta. Alhaji ya koma tabarma ya zauna. Ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya juya wajen ƙanensa, da Hausa wannan karon, ya ce ya yi yawo a ƙuruciyarsa daga nan har Kano, ya ga masu duba iri-iri, na rairayi da na wuri da na carbi. In abin da suka faɗa bai faru ba, sai su ce an yi maka asiri, ko ba ka cika sharaɗi ba, ko ka kawo baƙin zakara a sake. Ya ce bai taɓa jin ɗaya a cikinsu ya ce ban sani ba.

Sai ya dubi yarinyar. "Amma ke ma dai. Duk shekarun nan a Yamai, ban sani ba kawai aka koya miki?"

Nan Malam ya saki dariyar da ya riƙe tun jiya, ita ma ta rufe fuska da mayafi tana yi. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce bai gama ba. Ya ce aikin ba laifi, kallon ikon Allah ne, amma sunan ne ba ya so, kuma kada ya sake jin an ce taurari ko duba a gidan nan. Ya tambaye ta me take yi da bututun in an taƙaita. Ta ce aunawa. Ya ce to, daga yau duk wanda ya tambaya a ce masa awon rana take koyo. Sunan da ya bi ta ke nan har yau. Maƙwabciyata da ta ji, ta ce to tiya nawa ranar ta kama, kuma ta daina aiko goro. Yaron Bune dai an ba shi 'yar tata, suna zaune lafiya.

Alhaji bai ce ta koma ba, irinsu ba sa faɗin haka. Tambaya ya yi yaushe motarsu za ta tashi, ya ce wa Malam a ɗebo mata dabino mai kyau daga garka ta kai wa malaminta, kada a ce mutanen Gure ba su san girma ba. Na ajiye faranti na je na haɗa shayi. Ya sha, ya ajiye finjalin a kan tire. Ban ji ƙararsa ba.

Na kwashi kayan na shige madafa. Ina ajiyewa na zauna a kan turmi. Ta ƙofa ina hango ta tana naɗe ƙafafun ƙarfen, kanta sunkuye, wuyanta sak na mahaifiyata. Na ce alhamdulillahi, na sake cewa, sai abin da na tare tun ranar da finjali ya yi ƙara ya ɓalle. Ban yi sauti ba. Na juya wa ƙofa baya don kada ita ta gani, ina sharewa da gefen zane yana sake zubowa.

Ban ji shigowar Auta ba sai da ta tsaya a gabana, hannu a ƙugu. Ta leƙa fuskata da kyau, ta girgiza kai.

"Inna, kin kalli rana ko? Ga shi nan idonki na ta ruwa. Ai Yaya ta ce ba a kallo."